Bashin da Maƙogwaro Ke Biya: Yadda Tsayuwa, Zama da Lura da Jiki Ke Shafar Murya

Duk wanda ya taɓa koyarwa a aji mai cike maƙil da ɗalibai, ko ya ja baƙi a wurin tafsiri tun daga farkon azumi har ƙarshensa, ko ya kwana yana rera waƙa a gidan biki, ya san yadda murya ke yi idan ta gaji. Tana fara yin kauri, sai ta riƙa tsinkewa a tsakiyar kalma, daga nan mutum ya ji kamar an zarga masa igiya a wuya, washegari kuma ya tashi a dishe. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a nufi maƙogwaro da magani, a sha zuma da citta, a tauna kanumfari, a ƙaurace wa ruwan sanyi, wani ma a ce masa belinsa ne ya yi tsawo. Wasu daga cikin waɗannan suna sanyaya wuya, babu musu, amma dukkansu suna kallon wurin da ciwon ya bayyana ne kawai, alhali sau da yawa tushen matsalar yana wani wuri dabam: a yadda mutum ya ɗora kansa a kan wuyansa, da yadda ya zauna a kan ƙugunsa, da yadda haƙarƙarinsa ke buɗewa ko ƙin buɗewa. Maƙogwaro ƙaramar gaɓa ce, kuma idan manyan gaɓoɓi suka yi sakaci da aikinsu, shi ake bari da biyan bashin.

Kafin a fahimci wannan sai an san yadda murya ke samuwa. A bayan zakaran wuya, cikin akwatin guringuntsi da masu nazarin sautin Hausa ke kira maƙwallato, akwai wasu tantani guda biyu da ke kwance gefe da gefe a bakin hanyar iska. Ƙanana ne ƙwarai, domin a namiji baligi tsawonsu bai cika wuce santimita 2 da rabi ba, a mace kuma wajen santimita 1 da rabi ne. Idan mutum zai yi magana sai ya kusanto da su juna, iskar da ke fitowa daga huhu ta ture su su buɗe, su sake haɗuwa, ta sake ture su, kamar yadda bakin algaita ke kaɗawa idan mabushi ya hura masa iska. Wannan buɗewa da rufewa na faruwa wajen sau 100 zuwa 120 a sakan ɗaya a muryar namiji, a muryar mace kuma wajen sau 200. Lissafin yana da ban tsoro idan aka bi shi: malamar da jimillar lokacin da muryarta ta yi tana kaɗawa a yini ya kai awa ɗaya cur, tantaninta sun gwaru da juna kusan sau 720,000. Idan gwaruwar a hankali take, jiki yana jure ta shekara da shekaru. Idan kuwa da ƙarfi ake haɗa su, sai su kumbura, daga baya su yi kanta irin wadda ke fitowa a tafin hannun manomi, kuma wannan kantar ce ke hana su rufuwa sosai, murya ta riƙa fita da hucin iska.

Tashin murya da saukarta sun dogara ne da yadda aka ja tantanin ko aka sassauta su, tamkar makaɗin kalangu da ke matse igiyoyinsa a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauko. Bahaushe yana yin wannan aiki a kan kowace gaɓar kalma, tunda harshensa mai karin sauti ne. Shi kuma sautin da ke fitowa daga tantanin ɗanye ne, ba shi da daɗi ko kaɗan, sai ya bi ta kogon maƙoshi da baki da hanci kafin ya zama muryar da muka san mutum da ita.

Muhimmin abin lura shi ne cewa ba tsoka ce ke buɗe tantanin tana rufe su sau ɗari biyu a sakan ba, babu tsoka a jikin ɗan Adam da ke da wannan saurin. Iska ce ke yin aikin, tsokokin maƙwallato kuwa saita su kawai suke yi. Saboda haka lafiyar murya ta rataya ne a kan samun iska mai fitowa daidai wa daida, ba ta yi yawa ba, ba ta kasa ba. Zuga-zugin da ke samar da wannan iska shi ne wata faffaɗar tsoka mai siffar ƙwarya a kife wadda ta yi shamaki tsakanin ƙirji da ciki, tare da haƙarƙari goma sha biyu a kowane gefe da tsokokin da ke tsakaninsu, da kuma tsokokin ciki. Idan mutum ya ja numfashi, shamakin yana sauka ƙasa ya danna kayan ciki, shi ya sa ciki ke ɗan turowa, haƙarƙari kuma su buɗe ta gefe da ta baya. Mutane da yawa suna ɗaukar numfashi abu ne na gaban ƙirji, alhali huhu ya fi faɗi ta ƙasa, ya kuma fi sauka ta baya. A numfashin hutu wajen rabin lita ce kawai ke shiga tana fita, amma baligi zai iya fitar da lita 3 zuwa 5 bayan ya cika huhunsa. Wanda ya zauna a duƙe har haƙarƙarinsa suka faɗa kan cikinsa ya rufe wa kansa babban kaso na wannan rumbu, kuma idan iskar ta ƙare masa a tsakiyar jimla ba ya tsayawa, sai ya matse wuya domin ya tatso ragowar.

Akwai wani abu game da maƙwallato da ya sa tsayuwar jiki ke shafarsa fiye da yadda ake zato, wato ba a kafe yake a jikin wani ƙashi ba, a rataye yake. Yana rataye ne a jikin wani ɗan ƙashi mai siffar kofaton doki da ke ƙarƙashin haɓa, wanda shi kansa bai haɗu da kowane ƙashi ba, tsokoki da jijiyoyi ne ke riƙe da shi, wasu daga muƙamuƙi, wasu daga gindin harshe, wasu daga ƙasan ƙoƙon kai, wasu kuma suna jansa ƙasa zuwa ƙashin ƙirji da allon kafaɗa. Mai jin Hausa yana da hanyar tabbatar da wannan wadda masu harsuna da yawa ba su da ita. Ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa ya ce «ƙa, ƙa, ƙa» ko «tsa, tsa, tsa», zai ji shi yana tsalle sama, domin waɗannan baƙaƙe da maƙwallato ake tunkuɗo iskarsu, ba da huhu ba, shi ya sa ake kiransu tunkuɗau. Idan ya ce «ɓa» ko «ɗa» zai ji ya ɗan yi ƙasa. Idan ya haɗiyi yawu zai ji ya hau sosai ya dawo. Gaɓar da ke yawo haka ba ta da yadda za ta yi ta kauce wa jan duk abin da aka rataye ta a jikinsa, don haka duk sa'ad da kai ya goce daga mazauninsa, ko muƙamuƙi ya ƙame, ko kafaɗu suka ɗago, maƙwallato yana cikin waɗanda za su fara gane kurensu.

Kan baligi yana da nauyin wajen kilo 5. Idan yana zaune daidai a saman ƙashin baya, kunne na saitin kafaɗa, tsokokin wuya ba sa wani wahalar riƙe shi. Da zarar ya zarce gaba, sai nauyin da suke ɗauka ya ninka. A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa lissafin da ya nuna cewa sunkuyar da kai da digiri 30 na ɗora wa wuya nauyin da ya kai wajen kilo 18, digiri 60 kuma wajen kilo 27. Lissafi ne na kwamfuta, ba awo a jikin mutane ba, don haka bai kamata a riƙe alƙaluman kamar karatun sikeli ba, amma inda suka dosa gaskiya ne, kuma yawancinmu a sunkuye muke kallon waya. Abin da ya fi cutar da murya ma yana zuwa ne bayan haka. Wanda wuyansa ya saba zarcewa gaba, idan ya tashi kallon jama'a ba ya mayar da wuyan baya, sai dai ya ɗaga haɓa, ƙeyarsa ta takure. A wannan yanayi tsokokin ƙarƙashin haɓa suna miƙewa su ja maƙwallato sama, kogon maƙoshi ya ƙuntata, muryar ta yi siriri ta rasa zurfi, mutum kuma ya ji ba a jinsa, ya ƙara ƙarfi. Ƙarin ƙarfin ya ƙara matsewa, matsewar ta ƙara neman ƙarfi.

Wani dalilin kuma ya shafi asalin aikin da maƙwallato ke yi a jiki. Kafin ya zama kayan magana, ƙofa ne da ke tsare hanyar iska kada abinci ya faɗa mata, kuma shi ne ke rufewa ya kulle iska a ƙirji idan mutum zai yi yunƙuri. Wanda ya taɓa ƙoƙarin yin magana a daidai lokacin da yake cicciɓar buhun gero ya san yadda muryar ke fita a shaƙe, da nishi. Jiki ya saba haɗa yunƙuri da rufe wuya, don haka duk wani ƙoƙari da ake yi a wani sashe, ko danne gwiwoyi ne, ko dunƙule hannu, ko cije haƙora, yakan aika ɗan rabonsa zuwa maƙogwaro. Tsoro ma haka yake yi, shi ya sa wanda aka miƙa wa lasifika ba shiri a gaban manya muryarsa ke rawa, kafaɗunsa su hau, numfashinsa ya tsaya a saman ƙirji. Ban da wannan, shamakin numfashi da tsokokin ciki suna da aiki biyu, domin suna cikin masu tallafe gangar jiki kada ta faɗi. Idan mutum ya tsaya a karkace, nauyinsa duk a kan ƙafa ɗaya ko a kan diddige, sai a janye waɗannan tsokoki zuwa aikin riƙe jiki, abin da ya rage wa numfashi ya zama kaɗan.

A ƙasar Hausa yawancin doguwar magana a zaune ake yinta, kuma sau da yawa a ƙasa, saboda haka zama ya fi cancantar a tsaya a kansa. A ƙarƙashin mazaunai akwai ƙasusuwa biyu masu tsini da mutum zai iya ji idan ya zauna a kan tafin hannuwansa. Idan nauyin jiki ya sauka a kansu daidai, ƙashin baya yana miƙewa da kansa ba tare da an tilasta shi ba. Amma wanda ya harɗe ƙafafu a kan tabarma, gwiwoyinsa sun fi ƙugunsa tudu, yawanci ƙugun nasa kan mirgina baya, gadon baya ya yi doro, ƙirji ya rufta, kai ya zarce gaba. A ɗauki alarammar da ke jan baƙi, Alƙur'ani yana ƙasa-ƙasa a gabansa, lasifika kuma an ajiye ta inda sai ya miƙa wuya zai kai gare ta, ga azumi a bakinsa, ga ayoyi masu tsawo da ake so ya ja da numfashi ɗaya, kuma zai yi haka kullum har wata guda. Idan muryarsa ta dishe a goman tsakiya, ba lallai ne a ce sanyi ya kama shi ba. Gyaran da ake bukata a nan ba shi da tsada: matashi mai tauri a ƙarƙashin mazaunai domin ƙugu ya fi gwiwa tudu, a ɗaga abin ɗora littafi ya kusanci saitin ido, a kawo lasifika wurin baki maimakon a kai baki wurinta. Haka abin yake ga ladanin da aka kafe masa lasifika a bango sama da tsayinsa, yana kiran salla sau biyar a yini haɓarsa a sama, da mawaƙin da ke ɗaukar waƙa a situdiyo yana karanta baitoci daga wayar da ke saitin cibiyarsa.

Sai dai akwai kuskuren da ake yawan faɗawa da zarar an ce a gyara tsayuwa, wato a ƙame kamar soja a fareti, a turo ƙirji, a ja kafaɗu baya, a shanye ciki, a danne gwiwoyi. Wannan tsayuwa ba ta fi duƙawa alheri ga murya ba, domin cikin da aka shanye ba zai bar shamaki ya sauka ba, bayan da aka gantsare kuma ya kulle haƙarƙarin baya. Misalin da ya fi dacewa yana nan a hanyar rafi. Matar da ta ɗauko tulu a ka ba ta riƙe da shi ba ta ƙame ba, tafiya take yi, tana juyawa, tana gaisawa da mutane, amma ƙeyarta a miƙe take, haɓarta ba ta sama ba ta ƙasa, nauyin yana bi ta tsakiyar jikinta har zuwa tafin ƙafa, kuma kowane taku jikinta na yin ƙananan gyare-gyaren da ita kanta ba ta san tana yi ba. Ba ina nufin ɗaukar kaya mai nauyi a ka abu ne mai amfani ga wuya ba, yana da tasa illar. Abin ɗauka a misalin shi ne daidaito mai motsi, wanda ya sha bamban da ƙamewa. Kuma babu wata siffa guda da za a ce sai da ita murya ke fita, tunda maroƙi yana wasa sarki a durƙushe, mai talla tana kira tana tafe, tsohon da bayansa ya ranƙwafa kuma yana iya karatu da murya garau. Abin da ya haɗa su shi ne wuyansu a sake yake kuma numfashinsu yana da hanya.

To, idan gyaran mai sauƙi ne haka, me ya sa faɗa wa mutum ya miƙe ba ya wadatarwa? Amsar tana cikin labarin Frederick Matthias Alexander, wanda aka haifa a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya a 1869. Sana'arsa ita ce karanta wasannin Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, da ka a gaban jama'a, kuma yana cikin tashensa muryarsa ta fara dishewa a kan dandamali. Likita ya ba shi shawarar hutu, ya huta, muryar ta dawo, amma da ya hau dandamali sai ta sake ɗaukewa kafin ya kammala. Daga nan ya yanke cewa lallai akwai abin da yake yi da jikinsa lokacin karatun wanda ba ya yi a maganar yau da kullum, ya jera madubai yana kallon kansa. Ya ga abubuwa uku: yana jan kansa baya ya takure ƙeya, yana danne maƙwallato, yana kuma zuƙar iska ta baki da ƙara. Daga baya ya gano cewa abin bai tsaya a wuya ba, har ƙirji yake ɗagawa, har yatsun ƙafarsa suke damƙar ƙasa. Amma babban abin da ya gano shi ne na gaba. Da ya yi niyyar gyarawa, ya ji a jikinsa cewa ya gyara, sai madubi ya nuna masa yana nan yana yin abin da yake yi a da. Abin da ya saba da shi ya zame masa daidai a ji, abin da yake daidai kuma ya zame masa baƙo. Ya koma Landan a 1904 yana koyar da hanyar da ya gina a kan wannan, kuma har yau makarantun waƙa da na wasan kwaikwayo da dama a Turai da Amurka suna koyar da ita.

Jin da mutum ke yi na inda gaɓoɓinsa suke ko da idonsa a rufe, wanda ke sa ya iya taɓa hancinsa a cikin duhu, yana zuwa ne daga wasu ƙananan masu kai saƙo da ke cikin tsokoki da mahaɗan ƙasusuwa, kuma masanin jijiyoyi ɗan Ingila Charles Sherrington ne ya ba shi suna a kimiyyance a 1906. Wannan ji yana bin sabo. Mai karatu zai iya gwadawa yanzu: ya sarƙe yatsun hannuwansa biyu yadda ya saba, sannan ya sake sarƙe su ta yadda ɗaya babban yatsan ne zai hau sama. Zai ji kamar hannun wani ne, alhali babu abin da ya lalace. Haka wanda ya shekara ashirin wuyansa a gaba zai ji kamar zai faɗi ta baya ranar da aka daidaita masa kai. Wannan ne ya sa lura da jiki ke gaban gyaran jiki, kuma ya sa ake bukatar shaida daga waje, madubi ko malami ko abokin da zai ɗauki mutum bidiyo ta gefe da waya yana cikin koyarwa ko rerawa, lokacin da ya manta ana ɗaukarsa.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun tajwidi. Sanin mafitar haruffa, waɗanda Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan Hijira, ya ƙidaya su goma sha bakwai, horo ne na jin abin da ke faruwa a cikin baki da maƙoshi, har ɗalibi ya iya bambance ƙarshen maƙoshi da tsakiyarsa da farkonsa, wuraren da ido ba ya gani. A cikin sanannen waƙensa na tajwidi ya ce a cika wa kowane harafi haƙƙinsa ba tare da ƙaƙale ba, da taushin furuci, ba da tsanantawa ba, ya kuma ce abin da ke tsakanin mai iyawa da marar iyawa shi ne horar da muƙamuƙi. Likitan murya na yau ba zai ƙara wani abu mai yawa a kan wannan ba. Ɗalibin da jijiyoyin wuyansa ke tashi ruɗu-ruɗu idan zai furta ainun ya saɓa wa ƙa'idar fannin kafin ya saɓa wa ta lafiya. A ganina abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan lura da ake yi wa harshe da leɓɓa ta sauko zuwa wuya da haƙarƙari da ƙugu.

Hanyoyin koyon hakan ba su da wuya, sai dai suna son naci. Mutum zai iya kwanciya rigingine a kan tabarma na minti goma, gwiwoyi a tanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ɗan littafi a ƙarƙashin kai, ya ɗora hannuwa a kwiɓinsa ya saurari yadda haƙarƙari ke buɗewa da kansu ba tare da ya ja iska da ƙarfi ba. Idan ya miƙe, ya yi sautin «mmm» a hankali, leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe, har ya ji kaɗawar sautin a leɓɓansa da karan hancinsa, sannan ya buɗe baki zuwa «maa» yana juya kai dama da hagu. Idan sautin ya tsinke ko ya canja yayin juyawar, wuyan yana riƙe da wani abu. Akwai kuma hura murya ta cikin siririn bututun shan lemo, ko dai a iska ko a cikin kofi mai ɗan ruwa, dabarar da masu gyaran murya a ƙasar Finlan suka daɗe suna amfani da irinta, kuma masanin kimiyyar murya Ingo Titze ya yi bayanin yadda take aiki: ƙuntata mafitar iska yana mayar da wani matsi baya zuwa saman tantanin, ya hana su gwaruwa da ƙarfi. Amfanin duk waɗannan shi ne su ɗanɗana wa mutum yadda murya marar wahala take, domin ya gane lokacin da ya kauce mata.

Mawaƙi yana da ƙarin nauyi, saboda yana riƙe sauti ya daɗe kuma yana hawa inda magana ba ta kaiwa. Idan huhu ya cika, ƙirji yana son ya koma mazauninsa da sauri kamar roba da aka ja, don haka aikin mawaƙi a farkon baiti shi ne ya rage gudun iskar, ya bar haƙarƙari a buɗe su riƙa sauka sannu a hankali, sai can wajen ƙarshe tsokokin ciki su karɓi aikin turawa. Tsofaffin malaman waƙa na Italiya sun kira wannan da kalmar da ke nufin jingina, wato muryar ta jingina a kan numfashi. Wanda bai iya wannan ba yakan yi birkin da maƙogwaro. Alamar da ta fi saurin tona asiri ita ce haɓa: da yawa idan za su hau sama da murya sai su ɗaga ta, kamar sautin wani abu ne da ke rataye a rufin ɗaki, alhali hawan yana faruwa ne a cikin maƙwallato ta hanyar jan tantani. Tsarin waƙar gargajiya na jagora da 'yan amshi yana da wata hikima ta wannan fuska, ko da ba don ita aka yi shi ba, domin duk lokacin da amshi ya karɓa jagora yana samun damar sakin wuya da cika huhu a natse, abin da mai rera waƙa shi kaɗai daga farko har ƙarshe ba ya samu. Sutura ma tana da hannu, tunda ɗamarar da aka tamke ko rigar da aka ɗinka ta matse kwiɓi tana hana haƙarƙarin ƙasa motsi.

Malaman makaranta kuwa matsalarsu hayaniya ce. Tun a 1911 likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan ƙara ta kewaye shi. Wani babban bincike da Nelson Roy da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2004 ya samu cewa kusan kashi 58 cikin ɗari na malamai sun taɓa fama da matsalar murya a rayuwarsu, a waɗanda ba malamai ba kuwa kusan kashi 29 ne. Malamin da ke magana yana fuskantar allo, wuyansa a murɗe, hannunsa a sama, ko yake miƙa wuya domin muryarsa ta kai bencin baya, ya haɗa wa kansa wahala biyu. Ya gama rubutu ya juyo, ya taka zuwa tsakiyar aji, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu, ya buɗe baki sosai, wannan ya fi ƙarin ƙarfi kai murya nesa.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Hujjar da ta fi ƙarfi game da hanyar Alexander ta zo ne a kan ciwon baya, a wani gwaji da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2008 wanda ya ƙunshi mutum 579, inda waɗanda suka samu darussa 24 suka fi sauran ƙarancin kwanakin ciwo bayan shekara guda. Binciken da ya shafi murya kai tsaye ƙanana ne, kuma masu sayar da darussan gyaran tsayuwa sukan yi alƙawarin da ya wuce abin da aka tabbatar. Tsayuwa mai kyau ba ta maganin ƙurar hunturu da bushewar iskarsa, ba ta maganin hayaƙin taba ko na murhu, ba ta hana ƙwannafi ƙona maƙwallato ga wanda ke cika ciki ya kwanta nan take, kuma ba ta maye gurbin shan ruwa da hutu. Yawan gyaran murya da kaki ma gwara tantanin ne da ƙarfi, raɗa da matsi kuma ba hutu ba ce.

Dishewar da ta kai makonni huɗu ba ta warware ba tana bukatar idon likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kuma ba a jira ko da makonni huɗun idan mutum mashayin taba ne, ko yana ganin jini a kaki, ko haɗiya na yi masa wuya, ko numfashi na sarƙe masa, ko wani ƙullutu ya fito masa a wuya, domin ciwon daji na maƙwallato yakan fara ne da dishewa kawai. Beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, nesa da tantanin murya, don haka cire shi ba ya warkar da dishewa, sai dai ya jawo zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen wannan fanni, haka ma cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Duban da za a yi ya samo asali ne daga wani malamin waƙa, Manuel García ɗan asalin Sifaniya, wanda a 1854 ya yi amfani da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana ya kalli tantaninsa suna motsi yana rerawa, yau kuma siririyar kyamara ake zurawa ta hanci ko ta baki. Sau da yawa likita yakan duba ya tarar babu kanta, babu ƙari, babu shanyewar jijiya, tantanin lafiyarsu lau, amma tsokokin da ke kewaye da su sun matse su ta kowane gefe. Irin wannan dishewa ta ɗaurewar tsoka ba a yi mata tiyata. Mai gyaran murya yakan sa yatsunsa a wuyan majiyyaci, ya lalubo ɗan ƙashin nan na ƙarƙashin haɓa, ya riƙa murza tsokokin da ke tsakaninsa da maƙwallato yana sauko da shi a hankali, majiyyacin kuma yana fitar da sauti, kuma a wasu mutanen muryar takan fara washewa tun a zaman farko.